Shekara hamsin a turke: yadda aka raba gilashin VR da igiyarsa

In ka taɓa ganin bidiyon mutum sanye da wani ƙaton gilashi da ya rufe masa rabin fuska, yana kai wa iska naushi ko yana kauce wa abin da shi kaɗai yake gani, to ka ga abin da ake kira VR. Gilashi ne mai allo a ciki, kowane ido da hoton da ake nuna masa, kwamfuta ce ke zana wata duniya har ka ji kamar kana tsaye a cikinta. In ka sake cin karo da irin wannan bidiyo, ka duba ƙeyar mutumin. In na 2016 ne ko 2017, za ka ga wata baƙar igiya mai kauri ta sauko ta gadon bayansa, ta bi ƙasa ta nufi kwamfuta. In na 'yan shekarun nan ne, mai yiwuwa babu ita.

Ni ranar da na fara sa shi, a wani ɗakin gwaje-gwaje lokacin ina farkon digiri na biyu, mai igiyar aka ba ni. Ban yi minti biyar ba na manta da ɗakin gaba ɗaya. Ina ta juyi ina bin wani abu da ido, ashe igiya na ta naɗe mini ƙafa, da ƙyar wani abokin karatuna ya tare kwamfutar kafin ta faɗo daga tebur. Filin da nake gani ba shi da iyaka, amma ni akuya ce a turke, mita biyar aka ba ni.

Tun ranar nake tambayar kaina: tarho ya rabu da igiya tun ba a haife ni ba, intanet na yawo a iska cikin gidaje, me ya sa wannan gilashi ya ɗauki shekara hamsin?

Takobi a silin

A 1968, a Jami'ar Harvard ta Amurka, Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa na'urar da yawancin masu tarihi ke ɗauka a matsayin kakar gilasan yau. Ƙananan kwalaben talabijin biyu ne a gefen kai, da madubai da ke kawo hoton gaban ido. Abin da take nunawa bai wuce zanen layuka ba, kamar akwatin da aka yi da siraran sanduna yana rataye a tsakiyar ɗaki. Amma in ka matsa gefe, sai akwatin ya nuna maka gefensa. Wannan shi ne sabon abu.

Wani dogon hannun ƙarfe ne ya sauko daga silin ya kama na'urar, shi ya sa ake mata laƙabi da Takobin Damocles, daga tsohon labarin nan na Girkawa inda sarki ya sa aka rataye takobi da gashin doki guda a saman kan bafadensa. Za ka ji ana cewa wai nauyi ne ya sa aka rataye ta. Babban aikin hannun dai shi ne aunawa: gaɓoɓinsa ne ke gaya wa kwamfuta inda kan mutum yake da inda ya fuskanta. Ka riƙe wannan, domin tun daga ranar farko igiyar ba aiki ɗaya take yi ba. Tana kawo hoto, tana kawo wuta, tana mayar da labarin motsin kai, daga baya kuma aka ɗora mata sauti da murya. Mai son tsinke ta sai ya samar wa kowannensu wata hanya.

Shekarun da suka biyo baya ba za su riƙe mu ba. Cibiyar Ames ta hukumar NASA ta yi nata gilashin a tsakiyar shekarun 1980. Kamfanin VPL na Jaron Lanier ya sayar da EyePhone a ƙarshen shekarun, a farashin da sai manyan ɗakunan bincike. A 1991 kamfanin Virtuality na Ingila ya fara zuba injuna a gidajen wasa, ka tsaya cikin wani zobe da ya kewaye ƙugunka, igiya na binka. Nintendo ta fito da Virtual Boy a 1995, ja da baƙi kawai yake nunawa, a kan tebur ake ajiye shi ka sunkuya ka leƙa, shekara ɗaya aka daina yin sa. Daga nan harkar ta yi barci a kasuwa na kusan shekara goma sha biyar.

Kunne ba ya yafe jinkiri

Kafin mu ci gaba sai ka san abin da ke cikin kunnenka. Can ciki akwai wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. Duk sanda ka juya kai, ruwan na motsa wasu siraran gashi, su kuma su sanar da ƙwaƙwalwa nan take. Ƙwaƙwalwa ta saba ido da kunne su kawo mata labari iri ɗaya a lokaci ɗaya. In kunne ya ce an juya, ido ya ce ba a juya ba tukuna, sai jiri, sai zufa mai sanyi, sai tashin zuciya. Irin abin da ke samun wasu in suna karatu a cikin mota.

To a VR, tsakanin juya kanka da hoton ya bi ka, akwai tafiya: a auna motsin, a aika wa kwamfuta, ta zana sabon hoto, ta dawo da shi, allo ya haska. John Carmack, wanda ya yi suna da wasan Doom, ya yi ta nanata cewa duk wannan zagaye ya kamata ya ƙare cikin milisakan 20 ko ƙasa da haka, wato kashi 20 cikin dubu na sakan ɗaya. Ƙiftawar ido ma ta ninka wannan sau biyar ko fiye.

Carmack ɗin ne ya nuna wani gilashi da aka harhaɗa da salatif a bikin baje wasanni na E3 a 2012. Wani matashi ne ya ƙera shi, Palmer Luckey, yana ɗan shekara 19. A watan Agusta na shekarar, kamfaninsa Oculus ya nemi dala 250,000 a dandalin tara kuɗi na Kickstarter, ya tashi da kusan miliyan 2.4. A Maris 2014 Facebook ya saye shi a kan kusan dala biliyan 2. Abin da ya farfaɗo da harkar kuwa wayar hannu ce: saboda ita aka iya yin ƙananan alluna masu kyau da na'urorin auna motsi masu arha.

A 2016 aka shiga kasuwa sosai. Oculus Rift a Maris kan dala 599, HTC Vive a Afrilu kan dala 799, PlayStation VR a Oktoba. Dukansu da igiya. Vive ne ya fi tona asirin matsalar, don shi an yi shi ne ka tashi ka zaga ɗaki.

Bari mu yi ɗan lissafi ka ga dalili. Allon Vive na da ɗigon hoto 2160 a kwance, 1200 a tsaye, wato kusan ɗigo miliyan 2.6. Ana sabunta shi sau 90 a sakan. Kowane ɗigo na cin bit 24 don launinsa. In ka ninka, za ka samu gigabit 5.6 a kowane sakan, kimanin megabait 700. Datar gigabait ɗayan nan da kake saya kana lallaɓa ta, ba za ta kai sakan biyu ba. Wi-Fi na gida a lokacin, abin da yake bayarwa a zahiri 'yan ɗaruruwan megabit ne, kuma yakan yi tuntuɓe. Bidiyon YouTube in ya yi tuntuɓe ba ka sani, domin ya tara na sakanni da yawa a gaba. VR ba ya iya tara komai, tunda ba wanda ya san inda za ka juya.

Dabarun farko sun ba da dariya. Mutane suka riƙa kafa ƙananan kura-kurai na jan igiya a silin suna rataye kebul ɗin, ka ga an koma gidan jiya, hoton 1968 sak. Kamfanoni irin su MSI da HP da Zotac kuwa suka ce to a goya kwamfutar mana, suka yi wadda ake ratayawa a baya kamar jakar makaranta, da batira masu nauyi.

Hoto ya iso, murya ta ɓata

A ƙarshen 2016 wani kamfanin ƙasar Sin mai suna TPCAST ya sanar da na'urar da za ta raba Vive da igiya, ta shiga hannun mutane a 2017. Dabararsu ita ce hawa zangon rediyo na gigahaz 60, can sama da gigahaz 2.4 da 5 da Wi-Fi ke amfani da su. A can akwai fili, hanya ce mai faɗi da za ta ɗauki hoton da sauri. Sai dai siginar gigahaz 60, wadda tsawon zangonta milimita 5 ne kacal, ba ta ratsa bango, jikin mutum ma tare ta yake yi. Don haka sai ka kafa mai aikawa can sama a bango, ka ɗora mai karɓa a tsakiyar kanka, ka jefa batir a aljihu. Labarin motsin kai kuma ta wata rauta ta daban yake komawa.

Ta yi aiki, mutane suka yi juyi son ransu. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba: makirfon da ke jikin Vive ya daina aiki in ka sa ta. An yi wa hoto hanya, an yi wa wuta, an yi wa motsi, murya aka bari a tasha. Sai da wasu masu amfani da ita suka rubuta tasu manhajar kyauta, OpenTPCast, suka dawo da makirfon.

Kana iya cewa makirfo ai ƙaramin abu ne. A VR ba ƙarami ba ne. Lokacin nan wuraren haɗuwa sun fara cika: AltspaceVR tun 2015, Rec Room a 2016, VRChat ya hau Steam a 2017. Fuskarka a rufe, hannayenka biyu riƙe da sandunan sarrafawa, ba ka ganin madannan rubutu balle ka buga saƙo. Muryarka ce kaɗai kake da ita. Wanda makirfonsa ya mutu ya zama kurman baƙo a tsakiyar taro, sai ɗaga hannu.

Nan ne tarihin wata 'yar ƙaramar na'ura ya haɗu da namu. Makirfon da ke cikin kusan duk abin da ka taɓa magana a ciki jikan wanda James West da Gerhard Sessler suka ƙirƙira ne a ɗakunan binciken Bell a 1962, ƙarami, mai arha, mara cin wuta. Siririn sandan da ke kawo shi bakin mutum kuwa a harkar jiragen sama ya yi ƙarfi. Matuƙa jirgi biyu ne suka kafa kamfanin Plantronics a 1961, kuma da na'urar kamfanin Neil Armstrong ya yi magana daga duniyar wata a 1969. Amfanin sandan lissafi ne mai sauƙi: in ka rage nisan makirfo da baki da rabi, ƙarfin muryar da ke isa gare shi ya ninka huɗu, alhali ƙarar fanka ko janareton maƙwabta na nan yadda take. Ba wata manhajar tace hayaniya da ta kai wannan arha.

Matsalar ita ce hedifon masu daɗin sauti galibi ba su zuwa da makirfo, masu makirfo kuma sau da yawa sautinsu bai kai ba. A 2011 wani ƙaramin kamfani a Amurka, Antlion Audio, ya fara sayar da ModMic: ka manna wani ɗan maɓalli a gefen hedifon ɗinka, maganaɗisu ya riƙe sandan makirfon, in ka gama ka cire. Sai dai na farkon da igiyarsa yake zuwa. Ka yi tunanin mutumin da ya kashe ɗaruruwan daloli ya rabu da kebul, sannan ya ja wata siririyar igiya daga kuncinsa zuwa kwamfuta don a ji shi. An gudu ba a tsira ba. Daga baya kamfanin ya fito da mara igiya, mai batirinsa da ɗan abin karɓarsa da ake sokawa a kwamfuta.

Na san abin da za ka ce: ba ga iyafis na Bluetooth ba? Gwada wannan. Kana jin waƙa da shi, sai kira ya shigo ta WhatsApp, ka lura yadda sautin ke komawa kamar daga cikin gwangwani. Ba lalacewa ya yi ba. Bluetooth na gargajiya na da tsari ɗaya na sauraro mai kyau, wanda hanya ɗaya yake bi, da wani tsarin na kira mai zuwa da dawowa. Da zarar an buɗe makirfo sai ya sauka zuwa na biyun, inda ake ɗaukar sauti sau 8,000 ko 16,000 a sakan, maimakon 44,100 na waƙa. Ga kuma jinkiri da yakan wuce milisakan 100. A waya ba ka damu ba. A VR za ka ga ƙofa ta rufe, sai daga baya ka ji ƙararta.

HTC ta fito da tata na'urar a Satumba 2018 kan kusan dala 300, da fasahar WiGig ta Intel, ita ma a gigahaz 60. Ta fi ta farkon tsafta, amma sai ka buɗe kwamfutarka ka soka mata kati, batirin kuma awa biyu da rabi. Shekara hamsin cif bayan Sutherland. Sai dai ba ta wannan hanyar yawancin mutane suka rabu da igiya ba.

Hanyar da aka raina

Tun 2014 akwai VR mara igiya, raina shi kawai ake yi. Google Cardboard kwali ne da gilasai biyu, ka zura wayarka. Gear VR na Samsung ya fi shi, Oculus Go na 2018 kuma bai buƙatar waya. Aibinsu ɗaya: sun san ka juya kai, ba su san ka matsa ba. In ka sunkuya don ka leƙa wani abu, duniyar gaba ɗaya sai ta biyo ka. Rift da Vive kuwa na'urorin da aka kafa a ɗaki ne ke taimaka musu gane inda kake.

Oculus Quest, wanda ya fito a Mayu 2019 kan dala 399, shi ya warware wannan. Kyamarori huɗu a kusurwoyinsa suna kallon ɗakin, suna riƙe alamomi, bakin tebur, kusurwar taga, zanen darduma, daga yadda alamomin ke gusawa yake lissafa inda ka matsa. Ƙwaƙwalwarsa ta wayar hannu ce, Snapdragon 835. Ba a aika hoto ko'ina, a goshinka ake zana shi, makirfo ma na ciki. Illarsa, in an ɗauke wuta da dare, batir na nan amma gilashin ya makance, don kyamara ba ta ganin alama a duhu.

Saura masu son manyan wasannin kwamfuta, waɗanda ƙwaƙwalwar waya ba za ta iya ba. Wani mai rubuta manhaja, Guy Godin, ya ƙara wa manhajarsa Virtual Desktop damar jawo su ta Wi-Fi na gida. A Yuni 2019 Oculus ta sa ya cire wannan daga shagonta, a kan cewa ingancin ba shi da tabbas. Mutane suka koma shigar da ita ta bayan gida, ta SideQuest. Kamfanin ya fito da kebul nasa, Link, a ƙarshen shekarar. Sai a Fabrairu 2021 ya bar Godin ya dawo da ita, wata biyu bayan haka ya fito da tasa, Air Link. A ganina suna da 'yar hujja, domin Wi-Fi mara kyau na sa mutum amai da gaske. Amma jerin watannin nan ya sa da wuya in yarda hujjar ke nan kaɗai.

To yaya Wi-Fi ɗin da muka ce ya gaza ya iya? Ba wai ya kamo kebul ba ne. Quest 2 na 2020 na da ɗigo 1832 sau 1920 ga kowane ido. In za a aika hoton ɗanye sau 90 a sakan, ya haura gigabit 15. Abin da ake aikawa a zahiri megabit 100 zuwa 200 ne. Wato ana matse hoton kamar yadda ake matse bidiyo, a zubar da fiye da kashi 98 cikin 100, a bar abin da ido zai lura da shi. In ka shiga wuri mai duhu ko hazo a wasa, za ka ga launin ya yi dabbare-dabbare, ɓarnar matsewar ke nan.

Matsewa da warwarewa na cin lokaci, zagayen yakan kai milisakan 30 zuwa 50. Ya wuce iyakar Carmack, amma ba ka jin jiri. Dalili wata dabara ce da shi Carmack ɗin ya yi rubutu a kanta tun 2013. Hoton da ya iso daga kwamfuta tsoho ne, an zana shi ne don inda kanka yake ɗazu. Kafin a haska shi, sai gilashin ya sake duba inda ka fuskanta yanzu, ya ɗan gusar da hoton ya dace. Ita ma kwamfutar ba inda kake take zanawa ba, hasashen inda za ka kai take yi, kamar maharbin da ke auna gaban tsuntsu. Kunnenka ya gamsu, don juyin kai na bin ka nan take. Jinkirin na nan, ya koma hannu da abubuwan da ke motsi, inda jiki ya fi haƙuri. Wannan bangaren ne ya fi burge ni a duk labarin, kuma dole sai da kwamfuta a cikin gilashin kafin ya yiwu.

In kana tunanin haɗa irin wannan, abu biyu ke rikita mutane. Na farko, hoton ba ya bin intanet, tsakanin kwamfutarka da rauta da gilashi yake yawo, don haka ba datarka yake sha ba, kuma saurin layinka bai shafe shi ba. Na biyu, ita kwamfutar a haɗa ta da rautar da kebul, rautar ta kasance a ɗakin da kake, a kan gigahaz 5 ko 6, ba wadda duk gida ke kallon bidiyo a kanta ba. Igiyar tana nan ke nan, an dai ɗauke ta daga ƙeyarka an mayar bayan tebur.

Wutar ce har yau ba a samar wa hanya ta iska ba. Quest 2 na da nauyin giram 503, batirinsa awa biyu zuwa uku, shi ya sa za ka ga mutane sun ɗaura ƙarin batir a ƙeya, yana ba da wuta yana kuma daidaita nauyin gaba. Sony ta fito da PlayStation VR2 a 2023 da kebul ɗinta guda, ba ta ko ɓoye shi ba. Apple kuwa, da ta fito da Vision Pro a Fabrairu 2024 kan dala 3,499, ta cire batirin daga kai gaba ɗaya. Wani curi ne mai giram 353 da ke ba da kamar awa biyu, kana sa shi a aljihu, siririyar igiya ta taso daga nan ta bi kafaɗa ta kama gilashin ta gefen kunnen hagu.